Kwalbar da Ta Ƙi Juyewa

Talata, 12 ga Agusta, 2025. Ruwa tun kafin kiran asalatu, ba mai ƙarfi ba, mai nacin nan da ba ya ɗaukewa ba ya kuma ƙaruwa, kwanon gidanmu na Dutse Alhaji sai ƙara yake kamar ana zuba gero a faranti —

— kuma wai ni ce zan faɗa. Ni. Shekara kusan arba'in ba wanda ya tambaye ni, sai yau da motar kwasar kaya take kan hanya aka tuna akwai 'yar da ta karanci kimiyyar abinci. Baba, ka ga abin da ka bar mini? Ka... ji ni, wai "ka". Da ranka ban taɓa ce maka "kai" ba, sai "ku", kaina a sunkuye. Yau dai ka yi haƙuri. Raina a ɓace yake, kuma ba a iya yi wa mutum ƙorafi da "ku".

Ga ta nan a kan teburin cin abinci. Baƙar kwalba, gajera, mai kauri, ba takarda a jikinta, farin fenti kawai aka buga mata: sunan tsibirin da ta fito, Madeira, sai shekara, 1920. Giyar inabi. A gidanka. Mama ta goge mata ƙura da gefen mayafinta kafin ta turo mini ita, mayafin da ta fita takaba da shi. Ta ce in duba mata, tunda aikina ne, ko ta juye ta zama khal, ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci. In ta juye, ta halatta, za ta tafi da abarta gidan Farouk inda za ta koma da zama yau. In ba ta juye ba... Farouk ya riga ya faɗa. Ƙanena ne amma murya ta babba yake yi tun ranar da aka kai ka. Ya faɗa a waya, ya maimaita jiya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota: giya ba za ta shiga gidansa ba, ga lambatu nan a bayan gida ruwa yana gudu, zubarwa ba ta buƙatar taro.

Gaskiya ya faɗa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Nicholas, wanda ya kawo ta — ƙafafunsa nake tunawa kafin fuskarsa. Farare, dogaye, sun zarce katifar da aka shimfiɗa masa a falonmu na kwatas, lokacin da kuke aikin madatsar ruwa a hanyar Bwari, Abuja duk daji da jar ƙasa. Injiniya ɗan'uwanka, mutumin Fotugal. Zazzaɓi ya kayar da shi, ruwa ya cinye hanyar asibiti, kai ka ɗauko shi a bayan a-kori-kura ka kawo shi gida. Mama tana ɗura masa kunun tsamiya da cokali, shi yana sambatu da yarensu. Wannan na gani da idona. Sauran kuwa shekaranjiya na ji shi, muna ninke zannuwa, Mama tana magana da akwati ba da ni ba.

Wai ranar da zai koma ƙasarsu ya zo da ita a naɗe cikin rigar sanyi. Daga gangar kakansa ta fito. Ya taho da ita tun daga gida don ya buɗe ranar da aka gama madatsar, sai ya fasa, ya ce ba shi da abin da ya fi ta a duniya, don haka taku ce. Yana kuka. Shin bai ga carbin hannunka ba? Bai ga kana barin aiki kana shimfiɗa darduma a inuwar katafila ba? Ya gani mana. Amma mutum abin da ya fi so yake bayarwa, ba abin da ya dace ba. Kai kuma... ba a mayar da hannun kyauta baya. Ka sa hannu biyu ka karɓa, ka ce madalla.

Ni fa na san akwai wata kwalba a sito da aka hana yara taɓawa. Na ɗauka maganin gara ne. Har na yi aure, har na rabu, har furfura ta fito mini, maganin gara na ɗauka.

Bayan tafiyar Nicholas sai ka tafi Suleja wajen wani malami. Ya ce maka ba a sha, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, hukuncinta zubarwa. Sai dai — da ma ya tsaya a nan, da ma tari ya sarƙe shi — sai dai in ta juye da kanta, ba a jefa mata komai ba, ta zama khal, to ta tsarkaka, har ma abu ne mai albarka a abinci. "Sai dai" ɗin nan ka naɗe ka sa a aljihu ka taho da shi gida. Ka yi lissafinka na injiniya. Kunun zaƙi ma yini ɗaya yake a zafi ya yi tsami. Nono haka. To me zai hana wannan? Ka zare toshiyar ta sha iska, ka mayar sama-sama, ka ɗora ta a kantar ƙarshe ta sito, dab da kwano, inda kyandir yake lanƙwashewa a watan Maris.

Baba. Ka san yadda ake yin ta?

Jiya da la'asar na zauna na karanta, na masana da na masu sana'ar, kamar mai shirin jarrabawa, ina karantawa ina dafe goshi. Idan sun matse inabin ya fara tashi, sai su ƙara masa tatacciyar barasa, ya yi ƙarfin da ƙwayoyin da ke mayar da giya khal ba za su iya rayuwa a ciki ba. Da ma ƙwayoyi ne ke wannan aikin, ba zafi ba, ba kuma haƙuri ba. Wannan ɗaya. Sannan su zuba a gangunan katako, su kai su... ina? Ba ƙarƙashin ƙasa ba, ba wuri mai sanyi ba. Sama. Can ƙarƙashin rufin ɗaki, inda rana take duka. Su bar su nan. Shekara goma, ashirin, hamsin. Wanda ya cika gangar ya mutu, ɗansa ya riƙa hawa yana leƙawa, jikansa ne zai ɗura a kwalba. Iska tana shiga ta jikin katako, ruwa yana fita, tana raguwa, tana kauri, tana duhu. Abin da ya ɓace a iska wai suna ce masa rabon mala'iku. Mala'iku kuma. A'uzubillahi. An ce asalin abin jiragen ruwa ne: a ɗora ganguna, su ratsa tekuna masu zafi wata da watanni, su dawo sun fi yadda suka tafi daɗi, sai mutanen tsibirin suka ce to bari mu riƙa yi mata wannan azabar a gida. Duk abin da yake kashe sauran abin sha, ita da shi aka yi renonta. Zafi da iska. Su ka ba ta. Ka jefa kifi a rafi wai horo kake masa. Ta baro rufin kakan Nicholas ta zo ta tarar da rufinka, ko baƙunta ba ta yi ba.

Tambaya ɗaya. Da ka yi mini tambaya ɗaya...

Amma ina. 'Yar fari ce ni. Ko sunana ba ka taɓa kamawa ba. "Ku ce wa waccan ta rage fitila." "'Yar Ingila ta iso?" Ka biya kuɗin karatuna, ka rataye hoton digirina a falo inda kowane baƙo zai gani, amma ka zauna da ni ka ce, ga giya a sito, me iliminki ya ce? Kunya ba za ta bari ba. Ni ma ba za ta bar ni in amsa ba, na sani, da ƙasa zan kalla in ce Allah ne masani. Mama ma har yau "ke" ce. Da safen nan ta ƙara mini muƙami: "Ke, mai lab."

Kowace shekara, in ji Mama. Bayan Babbar Sallah, an gama suya, baƙi sun watse, gida yana warin kitse. Ka taka kujera ka sauko da ita. Ka zare toshiya, ka shinshina, ka miƙa mata ta shinshina. Ka ce da saura. Ta ce Allah Ya kai mu baɗi. Ka mayar. Da gwiwa ta fara ba ka wahala ita ke riƙe maka kujerar. Bara kuwa ita ta hau, kai ka riƙe. Mace mai shekara saba'in da wani abu a kan kujera a cikin sito, don kwalbar giya, ni ina falo ina yanka wa jikokinku hanta. Da ta faɗo fa? Me za a ce wa likita? Me za a ce wa maƙwabta?

Tana zaune yanzu a kan akwatinta tana kallona. Hannuwa a cinya. Ba ta ce in yi sauri ba, ba ta taɓa cewa a yi sauri ba.

To. Bismillah... a'a, ana yin bismillah a kan wannan? Na riga na yi.

Toshiyar ta yi laushi, tana marmashewa, sai da tsumma. A hankali. Ba a kai hanci bakin kwalba, da tafin hannu ake koro iskar, haka aka koya mana tun shekarar farko, haka nake koya wa yaran ofis —

Kai.

Ba na so ya yi mini daɗi. Ina da hujjoji da yawa na kada ya yi mini daɗi. Mazarƙwaila da ta kama gindin tukunya. Dabino, irin baƙin nan mai laushi da ake ɓoyewa sai goman ƙarshe na azumi. Ɓawon lemo da aka jefa a garwashi. Gyaɗa tana gab da ƙonewa. Tsamiya. Sai kuma wani abu a ƙasa, katako da tsufa, kamar in an buɗe akwatin auren Mama wanda turare ya kama jikinsa tun kafin a haife ni. Ba tare suke zuwa ba, bi da bi, wani ya wuce wani ya shigo, kamar masu gaisuwa. Na janye hannuna tun ɗazu amma ɗakin bai daina ba. Har ƙamshin damina ya ja baya. Abu ya girmi mahaifina, an buɗe shi an rufe, an buɗe an rufe, ya sha zafin Abuja na shekaru, kuma ga shi a tsaye garau kamar jiya aka... Wane irin taurin kai ne wannan?

Ga shi nan. Can a ƙarshe, wani kaifi siriri da ke hawa hanci. Ɗan tsami. Shi ne, ko? Shi kake ji duk shekara ka ce ta fara, ta kusa. Ba farawa ba ce, Baba. Da shi ta zo. Shi ne ƙashin bayanta, shi ya hana zaƙin ya zama na alewa. Tun kana ciki yake nan, daidai yadda yake yau.

Ɗan kaɗan a kofin gilas, in ɗaga a taga. Don in cika aiki, kada a ce ban duba ba. Launin zuma mai duhu, tsakiya kamar jan katako, gefe-gefe kuwa ya sirance ya koma ruwan man zaitun, har da ɗan kore. Kyau dai... to, tana da kyau, sai me? In na juya kofin sai ta bar sawu a jikin gilas, ɗigo-ɗigo suna gangarowa a hankali kamar ba sa so. Barasa ke nan, cikakkiya. Khal ba ya haka. Ba na buƙatar na'ura. Ba zan ɗanɗana ba, ban taɓa ba, shekaruna a Ingila ruwan lemo na riƙe a kowane taro har aka daina tayi. Amma na fahimci Nicholas, abin haushin ke nan. Na fahimci me ya sa mutum zai naɗe wannan a rigar sanyi ya tsallako teku da shi, ya kuma rasa abin da zai ba wanda ya ceci ransa sai shi.

In mayar da ita cikin kwalba. Kada ta ɗiga a tebur.

Kalma biyu ce fa. "Ta juye." Wa zai ƙaryata ni? Farouk ba zai kai hancinsa kusa ba, ya yarda da takarduna fiye da yadda ya yarda da ni. Mama ta rungumi abarta ta shiga mota, ta sa ta a wadirob a sabon ɗakin da ba ta saba da shi ba, inda komai na surukarta ne har labule. Abu ɗaya da hannunka ya taɓa duk shekara. Me zai ragu a duniya?

Sai dai na san Mama. Ba ajiyewa za ta yi ba. Ta riga ta faɗa shekaranjiya, tana murmushi: ka yi mata alkawari ranar da ta juye tare za ku sha cokalin farko a ruwan ɗumi da zuma, don gwiwa. Tunda ba ka nan za ta sha naka da nata. Kullum da safe, cokali ɗaya, da bismillah, bayan ta idar da lazimi. Matar da ko maganin tari ba ta sha sai ta aiko mini da hoton kwalin na karanta mata abin da ke ciki. Ni zan ɗura mata? Da sa hannuna? Ni da na ƙi sa hannu a kan zumar da aka sirka da sukari, mai ita ya zo da katin wani babba, oga ya kira ni har sau nawa, na ce a kawo wani ya sa —

Ko in ce da saura, yadda kake cewa. Ita ma ƙarya ce, mai ladabi dai. Saura me? Kuma Farouk ba ya jin wannan yaren, zai ce to a zubar da sauran.

Me ya sa komai sai ya biyo ta kaina? Takardun asibiti ni, fansho ni, rabon kayan sawarka ni, yanzu kuma hukuncin kwalba. Ku biyu kun yi wasanku a sito shekara da shekaru ba ku gayyace ni ba, sai ranar tashi daga wasan aka kira ni in kashe fitila.

Tana jira.

"Mama, ba ta juye ba." Muryata irin ta ofis ce, na ji ta, ba ni da wata. "Ba kuma za ta juye ba. Irin wadda ba ta juyewa ce. Ko jikokin Farouk za su tarar da ita haka."

Ruwa yana dukan kwano. Ta sa hannu ta gyara kullin wani ƙunshi da yake a ɗaure da kyau. Na shirya wa kuka, na shirya wa a ce ilimin boko ne bai san ikon Allah ba, har amsa na tanada.

"Ai haka Baturen ya ce."

Na'am?

Wai a ranar, a tsaye a ƙofar kwatas. Ya ce wannan ba abin da yake kashe ta, a buɗe ta a bar ta, ita za ta binne mu duka. Mama tana bayan labule ta ji, kai ka fassara mata da daddare kana dariya. "Babanku ya ce Bature bai san zafin Abuja ba."

Bai san zafin...

An gaya maka. Tun ranar farko an gaya maka. To wanne ne, Baba? Taurin kai ne, irin wanda ya sa ka ƙi sanda har ka faɗi a banɗaki? Ko ka sani sarai? Mutumin da yake lissafa nauyin ruwa a bayan bango, shekara kusan arba'in yana shinshina abu ɗaya yana jin ƙamshi ɗaya, bai gane ba? Ko dai ka duba hagu ka ga fuskar abokinka, ka duba dama ka ga maganar malam, sai ka samu ɗan wuri a tsakiya wanda ba sha ba ne, ba zubarwa ba ne, ka shimfiɗa tabarma ka zauna? Kuma ita — ita ta yarda da kai ne, ko ta yarda ta taya ka? Ba zan tambaye ta ba. Ba a tambayar uwa irin wannan. Kai kuma ka tafi inda ba a aika tambaya.

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango. Ta ce to, a zubar, gaskiyar Farouk ce, amma ba a gabanta ba. Ta shige ɗakin da ba komai a cikinsa sai gado ba katifa, ta turo ƙofa.

Waya. Farouk. Sun wuce Kubwa, gosulo ne ya riƙe su, in tabbatar an gama da "wancan abin" kafin masu lodi su shigo, kada a ji a unguwa.

Bayan gida. Lema a hannu ɗaya, kwalba a ɗaya, silifas ɗin Mama sun yi mini kaɗan. Lambatu ya cika, jan ruwa yana tafe da ledoji da ɓawon masara. Nan za ta bi. Kakan wani ya hau tsani ya duba ta, uban wani ya duba, ta tsallake yaƙin duniya a cikin ganga, ta tsallake teku a rigar sanyi, ta ƙare a kwatar Dutse Alhaji tare da ledar fiya wata. To sai me? Haram haram ce ko ta shekara dubu. Tsufa ba ya wanke ta. Na sani. Na yarda. Ba gardama nake ba.

Karkata hannu kawai. Ko yaro zai iya.

Tagar ɗakin Mama a rufe take, amma labulen an riga an cire, ina ganin inuwarta.

Tsaya... tamu ce ma tukuna? Malamin cewa ya yi Musulmi ba ya mallakarta, shi ya sa ba ya sayarwa ba ya kyautarwa, shi ya sa ko a rabon gado ba a lissafa ta ba. To in ba ka iya mallakarta ba, kyautar ba ta taɓa sauka a hannunka ba ke nan. A hannun mai ita ta tsaya. Ta Nicholas ce. Ajiya ce ya bari a gidanmu, shi kuma addininsa bai hana shi ba. Ana zubar da ajiyar mutum ba a sanar da shi ba? Kai da ka mayar wa ɗan kwangila ragowar siminti?

Na san maganar ta yi kama da dabara. Ban tambayi malami ba. Ba kuma zan tambaya yau ba.

Ƙahon mota, ƙarar gyat, takalma a tsakar gida. Farouk da jallabiya jiƙaƙƙiya, ya ga kwalbar a kan tebur da toshiyarta, ya gan ni ina neman biro. Na faɗa masa a taƙaice: ta Nicholas ce, wasiƙa zan rubuta masa.

"Yaya Sa'adiya, wannan ai dabarar lauyoyi ce."

Wataƙila. Ya tuna mini cewa har mai ɗaukarta an ambata a hadisi, ba mai sha kaɗai ba. Na ce na sani, tare muka yi Islamiyya, ni ce ma nake riƙe masa allo. Ya ce shi dai ba gidansa ba. Na ce ban ce gidansa ba. Ya juya wajen masu lodi. Zama 'yar farin nan da ya hana a kama sunana, yau ya yi mini rana: ba a ja da babbar yaya a gaban masu lodi.

Mama ce ta fito da adireshin, ba ta kalle ni ba, ta ajiye a gefen hannuna. Bayan wata tsohuwar ambulan ta katin gaisuwar sabuwar shekara. An daɗe da daina aikowa. Na ƙarshen ma ba rubutunsa ba ne, 'yarsa ce ta rubuta masa, Christina, shi ya ja wani layi mai karkarwa a ƙasa. Farouk ya ce wa yake aika wasiƙa a wannan zamanin, in ba shi sunan 'yar ya nemo ta a waya yanzun nan, kafin a gama ɗaure katifu an ji amsa. Na ce labarin mutuwa ba a aika wa dattijo shi ta waya. Takarda ce mutunci.

Masu lodi biyu suna tsaye a kaina, teburin kaɗai ya rage. Su jira. Me ake cewa? Abokinka ya rasu, bai sha wahala sosai ba. Matarsa tana gaishe ka, tana tambaya ko har yanzu kana tuna kunu. Kwalbarka tana nan. Bai sha ba, ba zai iya ba, bai kuma zubar ba. Na duba ta yau, lafiyarta ƙalau, ban taɓa jin ƙamshi irin... a'a, goge wannan. A'a, bar shi, gaskiya ne. Taka ce. Ka faɗa mana yadda za a yi da ita, ko ka aiko wanda zai karɓa. Za ta jira.

Sun ɗauke teburin tun kafin in rufe biro.

Mama a gidan gaba na motar Farouk, gilas a sauke, ruwa yana taɓa mata fuska. Ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce ban kyauta ba. Ta ce kada in kwantar da kwalbar, a tsaye take zama. Ta ce gidana akwai hawa, amma za ta iya zuwa duba ta, in an riƙe ta.

Kwalbar a kwali a motata, tsofaffin zannuwa a kewaye, bel a ɗaure kamar na ɗauko jariri. Kowane rami a hanyar Bwari sai na kalli kujerar gefe. In 'yan sanda suka tsayar da ni fa? Hajiya, mene ne a kwali? Mace da hijabi har gwiwa, da katin ma'aikatar gwamnati a wuya... Motar duk ta ɗauki ƙamshin. Dabino da katako. Na sauke gilas, ruwa ya shigo, na ɗaga.

Gidan waya ba kowa, fanka ɗaya, mace ɗaya a bayan kanta tana cin gyaɗa. Ta juya ambulan ɗin, ta karanta sunan tsibirin a hankali, ta tambaya ko a Turai yake. Na tambaye ta yaushe wasiƙar za ta isa. Ta yi dariya ba da mugunta ba, ta ce madam, wannan sai Allah.

Akwatin wasiƙu yana waje, jikin bango, bakinsa ya yi tsatsa. Na tura. Ko ƙarar faɗuwarta ban ji ba.

Sai Allah. In ta isa. In gidan yana nan. In yana da rai, in yana gane rubutu, in 'yar ta damu ta amsa, in amsar ta samo hanya... Kuma yaron nan ya ce zai nemo ta kafin a ɗaure katifu. Zai iya. Ni ma zan iya, ga wayar a jakata, ga sunan a kaina. Na ce mutunci. Tun ina liƙa kan sarki na san ba mutunci ba ne kaɗai, na zaɓi hanyar da ta fi kowace tsawo ne, na kuma yi mata suna mai kyau —

Ashe haka ake yi, Baba? Haka yake da sauƙi?

Ruwa yana shiga mini takalmi. Ya kamata in koma mota. Ban ma san inda zan ajiye ta ba... Bari in ɗan tsaya tukuna.